Abuja: Garin Da Ake Ba Ciyawa Ruwa

Duk wadda ta taɓa shiga Abuja ta hanyar Kaduna a watan Fabrairu ta ga wannan abu da idonta. Tun daga Zariya har Tafa ƙasa a bushe take, ciyawa ta yi fari, wasu wuraren ma an cinna mata wuta sai baƙin toka. Ki wuce Dutsen Zuma a Madalla, ki ratsa cunkoson Zuba da ƙurar Dei-Dei, duk dai rani ne irin wanda kika baro a gida. Amma da zarar mota ta sauka daga titin Kubwa ta shiga Maitama, sai ki ga kamar an canza miki wata. Ciyawa kore shar a ƙofar gidaje, shuke-shuke a jere an aske musu kai daidai wa daida, furanni ja da ruwan hoda sun zubo ta saman katanga. Alhali rabon garin da ruwan sama an fi wata uku.

Masu wannan aiki su ne na je nema, kuma dalilina na cikin gida ne. Ɗan wana ya gama sakandare, ya zauna jarrabawar shiga jami'a sau biyu ba a dace ba, ya yi damina biyu yana bin mahaifinsa gona. Sai wani ɗan garinmu ya samo masa gurbi a wurin wani ɗan kwangila mai kula da lambunan gidaje da ofisoshi a Abuja. Mahaifiyarsa, da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, sai dai ta ce “yaron nan”, amma kowa ya ga ta rame. Abu biyu ke cin ta. Na farko nisan wurin. Na biyu kuwa, wanda ba ta faɗa sai mu biyu, me za ta ce wa mata a gidan biki idan suka tambaye ta aikin da yake yi a Abuja? Ta ce yankan ciyawa? Da ta ji ina da biki a Kubwa sai ta roƙe ni in je in gano mata inda yake kwana, da abin da yake ci, da mutanen da yake tare da su. Kwana biyu na shirya yi, na yi biyar.

A Mpape yake zaune. Unguwa ce a kan tsaunuka, kusa da Maitama ƙwarai, har idan kika tsaya a wasu wuraren kina hango rufin manyan gidajen da ke ƙasa. An san ta da fasa dutse, don haka ƙura ba ta rabuwa da ita, manyan motocin tsakuwa na hawa da sauka yini guda. Su huɗu ne a ɗaki ɗaya, dukkansu ’yan gari ɗaya, suna karo-karon haya da na abinci. Ruwa kuwa saye suke yi wurin ’yan garuwa, jarka-jarka. Ki riƙe wannan maganar ta jarka, za mu dawo kanta.

Bayan sallar asuba suke fita. Motar ɗan kwangilar, wata a-kori-kura, tana jiran su a bakin titi da kayan aiki a baya: baro biyu, shebur, diga, manjagara, adduna, almakashin aske shuke-shuke mai dogon hannu, tiyo a nannaɗe, da injinan yankan ciyawa iri biyu, na turawa da na ratayawa a kafaɗa. Su tara ne a ƙungiyar. Shugabansu wani dattijo ne Bagwari wanda ya ce yana yaro aka fara fasa dajin nan. Akwai ɗan Jos guda, shi ne gwanin fure, akwai Tibi biyu, da wani Bamaraɗe, sai mata biyu masu cire ciyawa da shara, sauran Hausawanmu. Da Hausa ake magana, a sirka da buroka idan an zo kan maigida. Ɗaya daga cikin matan a kafaɗa take ɗaukar buhun shara, irin na matan Gwari, ba ta ɗora kaya a ka.

Abin da ya fi ba yaron namu wahala a makon farko ba nauyin aikin ba ne. Wanda ya yi noman firi da maimai a gonar gero ba baro ne zai ba shi tsoro ba. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne komai a juye yake. Ya ce mini, “Gwaggo, tun ina ƙarami aka koya mini ciyawa abokiyar gaba ce. Nan kuma ita muke wa hidima.” Gaskiyarsa. Ƙiri-ƙirin nan da manomi ke tsinewa saboda yadda take yaɗo ta shaƙe shuka, a nan danginta ake saye da kuɗi, a dasa, a ba ta taki, a ba ta ruwa safe da yamma. A gona ana shuka don a girbe. A nan ba a girbin komai, abin da aka yanka ma a buhu ake zubawa a kai bola. Kwanansa na uku ya ga wani tsiro a gefen katanga ya kai masa fartanya, ashe fure ne da uwargidan ta sayo da tsada. Allah Ya taimake shi ɗan Jos ɗin ya mayar da shi ƙasa kafin rana ta yi.

Sabon shiga ba ya taɓa inji. Matakin farko baro ne da manjagara da jan tiyo. Shi ke kwaso baƙar ƙasa daga inda tifa ta juye, shi ke tara ganye, shi ke wanke kayan aiki idan an tashi. Daga nan a ba shi cire baƙuwar ciyawa, kuma a nan ne ɗan ƙauye ke nuna wa ’yan birni fintinƙau, domin ya san aya-aya, ya san idan ba a tono ’ya’yanta na ƙarƙashin ƙasa ba aikin banza aka yi, ya san tofa da saiwarta mai tafiya. Sai an ga hankalinsa sannan a ba shi injin turawa, daga baya na ratayawa, wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai bisa ma’auni, in an kuskure ma’aunin inji ya ƙone. Almakashi shi ne na ƙarshe. Aske shinge ya miƙe sak ba tudu ba kwari, ko a mayar da shuka ta zama dunƙule kamar ƙwallo, wannan sai wanda ya daɗe. Na tsaya na kalli dattijon yana yi, ya ɗaura zare daga wannan ƙarshe zuwa wancan kamar magini, yana yi yana ja da baya yana duba. Mai kitso ta gari ce kawai na taɓa gani tana irin wannan kallon.

A rana ta biyu sabon gida suka je, wanda magina suka fita bai daɗe ba, kuma a nan na fahimci cewa rabin aikin a ƙarƙashin ƙasa yake, inda mai gida ba zai taɓa gani ba. Ƙasar filin ja ce mai tauri, cike da ɓaraguzan bulo da busasshen siminti da ƙusoshi. Sai da suka kwana biyu suna tsince su da diga da hannu. Sannan aka baje baƙar ƙasa, aka gauraya da takin kaji da kashin shanu wanda ya riga ya ruɓe ya huce, don ɗanyen taki ƙone saiwa yake yi. Aka daidaita filin ya ɗan karkata ya bar jikin gini, saboda ruwan damina ya samu hanya. Sai dashe. Ciyawar kafet da wadda suke kira ’yar Fatakwal ba iri ake watsawa ba, tsiro ake tsagawa a dasa layi-layi a tsugune, kamar dashen albasa a fadama. Daga nan sai ruwa da jira, makonni, har ta haɗe ta rufe ƙasa. Ko wajen yanka akwai ƙa’ida. Ba a kwashe fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a yanka guda, da rani kuma ana barin ta da ɗan tsawo don ta yi wa saiwarta inuwa. Masu gida da yawa ba sa son jin haka, su dai a aske ta ƙwal, bayan mako biyu ta yi ja su ce ’yan lambu ba su iya aiki ba.

Wannan kore na Abuja ba haka kawai ya faɗo ba, da shi aka zana garin. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar ɗauke babban birni daga Legas, aka kammala babban tsarin garin a 1979, aka tare a hukumance ranar 12 ga Disamba 1991. Masu zanen sun bar bakin rafuka da gindin duwatsu da filaye masu yawa a tsakanin unguwanni ba gini, don su zama wuraren shan iska kuma ruwa ya samu mabi. Shi ya sa za ki ga kina tsakiyar Wuse ko Garki sai ga kwari cike da itatuwa. Riƙe waɗannan filaye kuwa yaƙi ne da bai ƙare ba. Lokacin da Malam Nasiru El-Rufa’i yake ministan Abuja, daga 2003 zuwa 2007, an rushe gine-gine da dama da sunan dawo da tsarin asali. Duk da haka, yau wurare da yawa da aka ware don iyali su kai yara sun koma wajen gasa kifi da shaye-shaye da kiɗa, waɗanda uwa mai hankali ba za ta bi ta wurin da ’ya’yanta bayan magariba ba. Sunan lambu dai ya rage, sai ’yan tukwanen fure a ƙofa.

Wanda ya tsira da mutuncinsa shi ne Millennium Park da ke Maitama, kusa da otel ɗin Transcorp Hilton. Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ce ta buɗe shi ranar 4 ga Disamba 2003, zamanin Obasanjo, lokacin da ta zo taron ƙasashe renon Ingila. Wani Ba’italiye mai suna Manfredi Nicoletti ne ya zana shi, faɗinsa ya kai kimanin hekta 32. Rafi ya raba shi biyu. Ɓangare ɗaya an tsara shi da miƙaƙƙiyar hanya da maɓuɓɓugan ruwa da itatuwa a jere, ɗayan kuma an bar shi kusa da yadda Allah Ya halicce shi. Ranar Lahadi muka je da yaron, ranar hutunsa. Iyalai sun shimfiɗa tabarmi da kuloli, amare da angwaye na ɗaukar hoto, yara na ta gudu ba takalmi. Ni ina kallon mutane, shi yana kallon ƙasa. Ya nuna mini inda aka yanka ciyawa da wuƙar inji marar kaifi har bakinta ya yi fari-fari, ya nuna mini inda gara ta fara cin gindin wata bishiya. Mako uku kacal da fara aiki, amma ya riga ya daina ganin lambu yadda ni da ke muke ganinsa. In kin samu shiga Abuja da yara, ki kai su nan da hantsi ko bayan la’asar, ki tafi da tabarma da ruwan sha.

To mu koma kan jarka. Yawancin gidajen da suke wa aiki suna da rijiyar burtsatse, wasu kuma tanka ke kawo musu. Da sassafe ko da yamma ake ban ruwa, don na tsakar rana rabinsa iska ke sha. Na tsaya a wani gida ina kallon yaron namu riƙe da tiyo fiye da awa guda, ruwa na kwarara a kan ciyawar da ba akuyar da za ta ci, ba yaron da ke wasa a kai, domin masu gidan ma ba sa ƙasar. Da yamma kuma ya hau tsauni ya sayi jarka ɗaya, ita ce wanka, ita ce wanki, ita ce alwala. Ban ce haramun ne mutum ya ƙawata gidansa da dukiyarsa ba, kuma da wannan ƙawar ce yaranmu ke cin abinci. Amma abin ya tsaya mini a rai, kuma na lura dattijon shugabansu ma yana da ra’ayi. Duk gidan da aka ba shi zaɓi, yakan rage filin ciyawa ya ƙara bishiya da shuke-shuke masu jure fari. Darbejiya, wadda asalinta daga yankin Indiya aka kawo ta zamanin Turawa, in ta kama ƙasa ba ta sake neman tiyo. Haka furen nan mai kama da takarda da ke hawa katanga, shi da rani ma ya fi yin ado, in an cika masa ruwa sai ya yi ta ganye ya ƙi fure.

Na kwaso wasu abubuwa daga bakinsu da za su yi wa uwargida amfani ko da tsakar gidanta taku goma ce. Kada a dasa ceɗiya ko durumi ko bishiyar lemar nan mai rassa hawa-hawa kusa da masai ko bututun ruwa ko jikin gini, saiwarsu na fasa su, tana kuma ɗaga daɓe. Sannan ba kowane fure ne abin wasan yara ba. Duk shukar da aka karya ta fitar da farin ruwa kamar na tumfafiya, a nisanta ta da ido da baki. Akwai wata mai faffaɗan ganye kore da ɗigon fari da ake sawa a tukunya a falo, idan yaro ya tauna ta bakinsa da harshensa kumbura suke yi. Ki tambayi mai sayarwa kafin ki kai gida inda ake rarrafe.

Aikin yana da haɗarinsa, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Injin ratayawa yana harba tsakuwa kamar gwafa, ido ɗaya kuwa ba shi da madadi. Akwai maciji da kunama a cikin tarin ganye da ƙarƙashin tukwane, musamman farkon damina. Akwai maganin feshi na kashe ciyawa da na ƙwari, wanda na ga wani a wata ƙungiyar yana fesawa da silifa, ba safar hannu ba abin rufe hanci, yana gamawa ya sa hannu a kwanon abinci. A ƙungiyar yaron namu akwai tabarau biyu ne kacal, ana karɓa-karɓa, takalmin roba kuwa kowa shi ya sayi nasa. Kafin in taho sai da na saya masa tabarau da safar hannu, na kuma sa shi ya je aka yi masa allurar tetanus saboda ƙusoshin nan. Na ja masa kunne cewa in tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure wurin tamau, asibiti kawai cikin gaggawa.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi komai tsami. Tun 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne, amma dokar ba ta hau kan wanda ma’aikatansa ba su kai 25 ba, kuma yawancin ’yan kwangilar lambu ƙanana ne. Ke nan abin da aka yi ciniki da baki shi ne albashi. Ɗan kwangilar su yakan yi jinkiri, ya ce shi ma masu gidajen ba su biya shi ba. Wata ya ƙare da kwana tara kafin su ga kuɗinsu, mai ɗaki kuwa ba ya jiran kowa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya zama wani abokin rabon albashi, shi ya sa wanda ke kwana a Mararaba ko Suleja yake shan wuya fiye da na Mpape. Duk uwar da ɗanta zai kama irin wannan aiki, ta sa shi ya tambaya tun ranar farko: na yini ne ko na wata, wa ke biyan mota, akwai abincin rana, kuma idan inji ya lalace a hannunsa wa zai biya. A yi maganar a gaban wanda ya kawo shi. Kunya a nan asara ce.

Game da abin da za a faɗa a gidan biki kuwa, ra’ayina ya tsaya ne a bakin titi, ba a gidajen masu kuɗi ba. Duk inda rafi ya ratsa a cikin Abuja, ko ƙarƙashin inuwar itatuwa a gefen manyan tituna, za ki ga masu renon tsirrai sun jera hajarsu: dubban baƙaƙen ledoji, tukwanen siminti, dabinon ado, dashen mangwaro da lemo da gwaiba. Na zauna da uku daga cikinsu, kuma dukkansu da baro suka fara a ƙarƙashin wani. Ɗaya ya ce da wannan sana’a ya yi aure ya gina gida a garinsu, yanzu yara biyar ke aiki a hannunsa, kuma shi ke ba ’yan kwangila kaya. Jarin farko ba kuɗi ba ne sosai. Yawancin shuke-shuken shinge daga reshe suke tsirowa, reshen kuwa shi ne wanda ake askewa kullum a zubar. Sai leda, sai ƙasa, sai ruwa, sai sanin wane reshe ne zai kama, wane wata ne kasuwa ke buɗewa. Da ruwan farko ya sauka a wajen Afrilu kowa ke son dashe, wanda ya reni kayansa tun cikin rani shi ke cin kasuwar.

Matsalarsu ɗaya ce babba, filin ba nasu ba ne. Ana iya zuwa faɗaɗa titi ko a ba wani wurin, a ce su tashi cikin kwanaki. Na tambayi mutumin ko ba ya tsoro. Ya yi dariya ya nuna mini kayansa, babu ko ɗaya da ke cikin ƙasa, duk a leda suke da tukunya, mota biyu ta kwashe su. Sau biyu ana tashinsa.

Yaron namu ya riga ya gano wannan hanyar ba tare da kowa ya ce masa ba. A bayan ɗakinsu na Mpape, inda katanga ke tare rana, ya jera ledojin fiya-wata talatin da ’yan kai da ya tsinto, ya huda musu gindi, ya cika da ragowar baƙar ƙasa, ya soka rassan da ɗan Jos ya zaɓar masa daga cikin shara. A kan wani tsohon kwano yake alwala, ruwan da ya taru ya bi su da shi ɗaya bayan ɗaya. Abokan ɗakinsa na yi masa tsiya suna kiransa mai gandu. Ranar da zan taho na ƙirga, goma sha ɗaya sun yi toho, huɗu sun bushe ya zare su ya soka wasu.